Ƙafar da ke ƙarƙashin gado

Shekarar da zan rubuta jarrabawar fita sakandare aka yanke wa Babanmu ƙafar hagu, ƙasa da gwiwa. Mota ce ta kwashe shi da babur yana dawowa daga kasuwar Talata Mafara. Ya warke, alhamdu lillahi, har ƙanensa ya kai shi asibiti aka gwada masa ƙafar roba. Ya saka, ya dubi kansa, ya cire ya tura ta ƙarƙashin gado, wai shi ba 'yar tsana ba ne da za a riƙa ɗaura masa gaɓa. Likita kuwa ya riga ya gaya wa Inna in ya daɗe bai taka ba gwiwar za ta ƙage, daga nan ko ya so sakawa ba za ta yiwu ba. Liman ya yi magana, Inna ta yi har da kuka, duk a banza. Mutumin da a da rana ba ta fito masa a gida ya koma zaman zaure, gonarsa ta bakin kanal ɗin ban ruwa a Bakura tana hannun ƙanensa.

A cikin abin da za mu yi jarrabawa a kai akwai wani gajeren labari na Turanci. Wani attajiri ne ya gaji da sharar ganye, ya sa aka sare itatuwan gidansa aka kafa na roba. Tsuntsaye suka daina zuwa, jikokinsa ma suka ɗauke ƙafa, ya ƙare shi kaɗai yana goge ganyen da tsumma. Malaminmu ya ba mu darasin muka haddace: abin da Allah ya halitta shi ne mai rai, ƙirar mutum kwaikwayo ce kawai. Kalmar Turancin da ke nufin ƙirar mutum kuwa ya fassara mana ita da “na roba”, kamar yadda kowa ke faɗi.

Cikin gida ba ya karantuwa, ga daka ga ƙanne, don haka bayan la'asar nake kai littafina zaure. Wata rana Baba ya tambaye ni me nake ta gunguni kamar mai biya hadda. Na soma fassara masa. Da farko daɗi ya ji, ya ce attajirin wawa ne, wa ke sare itace a wannan zafi? Da na zo kan darasin sai na karanto shi yadda yake, cewa duk abin roba matacce ne. Sai da maganar ta fita na tuna gaban wa nake.

Na zaci zai yi shiru ne. Ina! Rigima ya ɗauko da marubucin, kamar yana zaune a gabansa. Ruwan kanal daga sama ya faɗo, ko mutane suka haƙa masa hanya? Shinkafar ranin da muke ci ta ƙarya ce? Injin ban ruwa fa, da tabaran Inna? Ya ce in rubuta haka a jarrabawa. Na ce mai duba takarda bai san kanal ɗinmu ba, faɗuwa zan yi. Ya ce ashe ƙarya ake tura mu makaranta mu koyo. Haka muka yi ta yi kullum, har ya zama yana jiran dawowata da sabuwar hujja. Inna dai murna take, don rabon da ya cinye tuwonsa tas tun kafin hatsarin.

Ni kuma zuciyarsa na gado, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Jarrabawa ta matso, ya hana ni karatu, rannan na ƙule.

“Baba, ai ku da wanga marubuci bakinku guda. Shi ya ce abin roba ba ya da amfani, ku kuma kun tura taku ƙarƙashin gado.”

Inna da ke bayan ƙyaure ta yi salati. Baba ya juya ya fuskanci bango. Na kwashi littafina na shige ciki. Wallahi na ji tsoro, kuma na ji tausayinsa har na yi kuka.

Washegari Asabar, ina shara, na ji ya kira ni.

“Ke, mai bakin tsiya. Ɗauko min abin nan.”

Na jawo ta, na goge ƙurar da gefen zanena. Shi ya ɗaura da kansa, yana tsaki. Muka nufi gona. Tafiyar ba ta yi kyau ba ko kaɗan. Yana dogara sanda, yana dafa kafaɗata, gumi na zuba, in ya gaji ya tsaya ya ja gaisuwa da duk wanda muka gamu da shi don kada a ce hutawa yake. Wani mai babur ya ce ya hau, Baba ya ce ai ya gama da babur.

Jarrabawar dai da ta zo amsar malam na rubuta, na ƙara 'yan layuka kan kanal a ƙasa. Na ci, ban san ko an karanta su ba.

Amma ranar nan a gona, da muka isa, Baba ya tarar an cika wa albasa ruwa. Nan take ya saki kafaɗata ya nufi ƙanensa yana faɗa, wai haka ake ban ruwa? Ƙanen na tsaye da fartanya, ana zaginsa yana dariya yana share hawaye. Ni na tsaya a baya ina duban sawun takalmin Baba a kan laka, na yi, na yi, na kasa ganin abin da ya bambanta sawun ƙafar roba da na ɗayar.