Waɗanda Suka Fita Ba Sallama

Kakata ta wajen uwa ta haifi maza uku. Ƙyanda ta ɗauki na fari tun yana goye, na biyu babbar mota ta kife da shi a hanyar Agadas. Saura ɗaya, Kawu Sale, wanda take kira Auta. A hunturun da nake ba da labari, ƴan shekaru bayan Faransawa sun bar Aljeriya, ta gane shi ma yana shirin barin Tamanrasset, garin da muke zaune, ba tare da ya gaya wa kowa ba.

Ba mugun nufi gare shi ba. Haka mutanenmu na Damagaram suke tafiya. Ba a faɗin ranar fita ko inda aka nufa, don tsoron bakin mutane. Sai dai a wayi gari a ga tabarmar mutum a naɗe. Kawu ya shafe salkarsa da mai, ya rataye ta a bayan garken awaki inda yake zaton ba mai leƙawa. Amma Kaka ta gani.

Bayan magariba sanyi kan sauko daga duwatsu ya shiga ƙashi. Mukan kewaye wuta a tsakar gida, Kaka ta lulluɓe da bargo, Kawu yana gefe yana dafa shayi. Sunanta aka sa mini, don haka wurina yana jikin gwiwarta.

"Takwara, ja baya, kin tare mini wuta kamar ke kika yo itacen," in ji ta. "Yau ba kura, ba zomo. Wannan ya faru, da idona na ga ƙarshensa. Mai tsoro ya tafi wajen uwarsa."

Ba wanda ya tashi.

Ta ce tun tana budurwa akwai wani mai lambu a bakin wata ƙorama, kan hanyar da masu cin rani suke bi daga kudu zuwa nan. Yana da rijiya da dabino, kuma bai taɓa hana baƙo masauki ba. Ayari in ya sauka, ya yanka musu akuya, su tafi suna sa masa albarka. Amma in mutum ya zo shi kaɗai, sai ya ba shi abinci, ya zauna kusa da shi yana fira, can ya tambaye shi, "Mutanen gida sun san ka biyo nan?" Wanda ya ce sun sani, da safe ya cika masa salka ya raka shi. Wanda ya yi murmushi ya ce ko uwarsa bai gaya wa ba, wannan ba ya ganin safiya.

Shekaru yana yi. A gida ba mai nema, don kowa ya ɗauka ɗansa yana can yana aiki. Sai wata shekara ruwa ya zo da ƙarfi, ƙorama ta cinye gefen lambun, ƙasusuwa suka fito daga gindin dabino. Jandarma suka tafi da mutumin. Kayan da aka samu a ɗakinsa aka baje su a rana, aka ce mai ɗan'uwa da ya ɓace ya zo ya duba. Kaka ta bi mahaifinta. A cikin tarin ta ga salkar yayanta Habu, da facin da ita kanta ta ɗinka.

Sunan mai lambun ba ta faɗa ba, ko da na matsa mata. "Bakina ba zai ɗauke shi ba," in ji ta. Amma matattun ta jero su a hankali: Habu, da Ila ɗan Mirriya, da wani makaɗi. Waɗanda ba a gane ba ta kira su da kayansu: mai baƙin carbi, mai takalmin ƙafa ɗaya, mai ɗan zoben da ya saya wa wata.

"Inna, tsorata yara kawai kike yi," in ji Kawu.

"Da yara nake magana. Kai kula da shayinka, yana zuba."

Ya sauke buta. Daga baya ya ce, murya ƙasa-ƙasa, aikin lambu ne ya samu a Tahifet, wajen wani Buzu da ke kawo busasshen tumatir kasuwa.

Da safe Kaka ta kama hannuna muka shiga kasuwa. Rumfa rumfa ta bi ƴan kasuwarmu tana cewa Auta zai tafi Tahifet. Ta gaya wa malamin unguwa. Ta nemo Buzun, dattijo ne mai jin Hausa, ta tsaya a gabansa ta ce, "Dube ni da kyau. Ɗana ne, kuma kasuwar nan duka ta san da kai ya tafi." Mutumin kirki ne, ya ce ya ji, Allah ya tsare. Amma samari ba su bar Kawu ba. Duk inda ya gifta sai a ce, "Ga Auta, an ɗaura masa ƙararrawa. Inna ta ba ka izinin zuwa masallaci?"

Ya tafi, ya dawo lafiya da buhun alkama. Ya yi aure, aka haifa masa ƴa. Sai dai dariyar ba ta fita daga ransa ba, kuma ya koyi darasi, ba wanda Kaka ta so ba. Da zai sake fita, bai taɓa salka ba, bai canza fuska ba. Ya ci tuwo da mu, da safe babu shi. Wani direba ya ce ya gan shi a bayan mota mai zuwa In Salah, wani ya ce Gat ya nufa. Ba mu san ta ina za mu fara nema ba. Har Kaka ta rasu ba ta sa shi cikin jerin matattunta ba, ba ta kuma yarda a yi masa sadaka ba.

Na girma na zama dillaliya, daga tiren lalle har na kai ga loda motoci. Da ɗan Faransancin da na tsinta a lekkol, makarantar boko, nake karanta littattafan nan na masu kisa bi da bi. Ƴaƴana suna cewa ina ɓata wa kaina barci. Ni kuwa abu ɗaya nake dubawa a cikinsu: yadda mai kisan yake zaɓe. Ƙasa daban, yare daban, amma kusan kullum wanda ba za a yi cigiyarsa da wuri ba shi ake ɗauka. Hoton mai kisan ne a bangon littafin, matattun kuwa sai an tona a ciki. Shi ya sa duk direban da zai ja kayana sai ya gaya mini hanyarsa da masaukinsa, amma a ɗaki, ni da shi, ba a gaban abokansa ba.

Na sha auna cinikin da Kaka ta yi a kasuwa ran nan. Gaskiyarta ce, ta kuma faɗe ta da ƙarfi fiye da yadda namiji mai kunya zai iya ɗauka. Ribarta ita ce dawowa ɗaya, da ƴar Kawu, jikar da ta rufe mata ido ranar mutuwa. Hasararta ɗa ne, wanda har yau ba mu da kabarinsa, ba mu da ko takalminsa.