Barnaba da Kwanon Baba Sada

Da hantsi Barnaba yake tayar da tsohon babur ɗinsa daga Makarfi, yau Hunkuyi, gobe Furana, yana bin zauruka da sallama. A watan nan zai yi ritaya daga aikin lafiya, kuma wallahi bai kamata ya tafi shiru ba.

Aikinsa na ƙarshe shi ne zaɓo wa likitoci masu bincike tsofaffin da ke fama da ciwon karkarwa, don a gano yadda ciwon yake taɓa tunani. Sharaɗinsu shi ne kowa ya zo da wanda ya san zamansa ciki da waje, wanda zai faɗi abin da yake mantawa.

A nan Baba Sada na Furana ya maƙale. Matarsa ta rasu, 'ya'ya suna Kudu. Ciyayyar ƙofar gida ma ya daina fitowa tun ranar da hannunsa ya kifar da miya a rigar maƙwabci. Kunya ta kulle shi a ɗaki, maƙwabta suka ce ai hutu yake so. Hutu fa!

Ranar tantancewa, rigar Sallah ya sa.

"Baba, wa zai rako ka?" in ji Barnaba.

"Likita, bana kaf kai kaɗai ka ce mini yaya jiki."

Abin ya soki Barnaba. Bai iya ƙarya ba, ya ce ba a ɗauke shi ba. Amma ya ƙudurta shi zai zama ɗan rakiyar a zagaye na gaba. Sai ya shiga zuwa da tuwo, su sa hannu a kwano ɗaya, miya na zuba, hira na tafiya. Maiwada mai shayi shaida ne, ko ruwan Agusta bai hana Barnaba zuwa ba.

Da zagayen ya zo, mantuwa ta riga ta ci ƙarfin Baba Sada. Ya kasa fahimtar bayanin binciken, balle ya amince ya shiga. Barnaba da kansa ya cire sunansa, ya fito waje ya yi hawaye.

Kai ne ba ka daina zuwa ba, Barnaba, uban marasa ɗan rakiya. Mun gode, Allah ya saka. Mu kuma kowa ya leƙa ɗakin da ya yi shiru a unguwarsu.

Yanzu tsohon bai san sunan Barnaba ba. Da ya ji babur sai ya lalubo hula.

"Likita, an ɗauke ni?"

"Ni na ɗauke ka, Baba. Wanke hannu."