Kwabon da Na Wanke

Juma'a ce kaɗai hutuna a shekarun da na yi ina aikin kago, wato jigilar kaya, a Deira, can ƙasar Larabawa, kuma a ƙauyen Hatta nake ƙarar da ita. Wani abokina, ɗan Zangon Kumasi, shi ke kula da lambun wani tsohon gida a can. Baturen da ya taɓa haya a gidan ya bar masa na'urar gano ƙarfe a cikin ƙasa. Mai gidan ya ce mu tona inda muke so, muddin za mu cike ramin, kuma ban da taɓa saiwar dabino.

Ni da dalilina. Na yi wa wadda zan aura alkawarin kyautar da babu irinta a kasuwar zinare. A littattafan da na taso ina karantawa, masoyi ba ya zuwa da abin da kowa zai iya saya.

Wata uku muna tono ƙusoshi da murafen kwalba. Shi yana kaɗa na'urar a hankali kamar mai shara, ni ina biye da cokalin magina. Wata safiya, gefen tsohuwar hanyar ruwa, na'urar ta yi wata 'yar siririyar ƙara. Kwabo ne, ya yi kore shar, ana iya ganin kan wani sarki da rubutu kewaye da shi.

"Kuɗin Indiya ne, na zamanin kakannin mutanen nan," in ji abokina. "Chale, aboki, kar ka wanke. Haka ake barinsa."

"In kai wa mace abu da dattinsa?"

"Dattin ne tsufan, ango."

Ban ji ba. A ɗakina na Al Qusais na yi masa abin da mahaifiyata ke yi wa tasar tagulla. Na ɗebo toka a kaskon turare, na matsa lemon tsami, na yi ta dirza har ya yi ja yana sheƙi. Da na ɗaga shi a hasken taga, babu sarki, babu rubutu. Ashe a jikin koren suke.

Abokina ya juya shi a tafin hannu. "Khalas, shi ke nan. Amma ka iya wanke-wanke, amarya ta huta."

Haka na ba wani mai tafiya Kano ya kai wa wadda zan aura, tare da wasiƙar da na faɗi gaskiya a ciki. Bayan kwana huɗu ta kira. Ba ta yi zancen wankin ba, kamannin sarkin ta tambaya. Na daɗe ina kwatanta mata shi, har da gemun da ban tabbata yana da shi ba.