Ranar da Baffanta Ya Zo Daga Getso

Iyayena malaman firamare ne, Kiristoci daga kudancin Kaduna, aiki ya kawo su Gwarzo tun kafin a haife ni. Ni kaɗai suka samu. Mama ta daɗe tana roƙon Allah ya ƙara mata haihuwa, har ta gaji da zaryar asibiti ta bar wa addu'a.

Amsar ta zo a shekarun da rayuwa ta yi tsada, lokacin da albashi kan makale a hanya, sabulu ma sai an yanka shi biyu. Wata mata daga Getso da ke kawo mana dawa ranar kasuwa ta rasu, ta bar ƙaramar yarinya wadda sanƙarau ya tafi da jinta. Uban ya riga ya rasu. Dangi suka yi ta tura wa juna ita, kowa gidansa ya cika. Mama ta je gaisuwa, ta dawo da yarinya a goye. Kakar yarinyar ce ta ba Mama riƙo, da baki kawai.

Baba ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonsu. "Gaisuwa kika je ko kasuwa?"

"Abin da muka roƙa ne ya iso," in ji Mama. "Matsa mu shiga."

Ranar Lahadi ta miƙe a coci ta ba da shaida, tana godiya ga Yesu, har da 'yar rawarta. Ina jin wata a bayana tana raɗa wai mutum ya roƙi ɗa a ba shi wahala, kuma ya tashi yana rawa. Har yau in na tuna matar nan raina yakan ɓaci.

Wahala kam an sha. Yarinya ba ta ji, ba ta magana, in ta fusata sai cizo da jifa da kwano. Mama ba ta taɓa zuwa makarantar kurame ba, amma a hankali su biyun suka ƙirƙiro maganar hannu tasu, mu ma muka koya. Ban taɓa ganin haƙuri irin na Mama ba, ita da ko cokali ka ajiye a karkace sai ka ji a jikinka.

Ƙanwata ta fara zama budurwa lokacin da maganar Shari'a ta cika gari. Wasu 'yan cocinmu suka tattara suka koma gida. Kakar ta rasu, surutu ya tashi a Getso cewa 'yar Musulmi tana hannun Kirista. Sai aka aiko cewa baffanta, ƙanen mahaifinta, zai zo ya tafi da ita. Mama ba ta da hujjar hanawa, kuma ta sani. Riƙo riƙo ne, in masu ɗa sun zo sai a ba su. Ta wanke mata kaya, ta ɗaure a zane, ta ƙi cin abinci.

Ya zo da rana, dattijo mai dogon gemu, ba mugu ba ne, kana ganinsa ka san nauyi aka ɗora masa. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, aka yi doguwar gaisuwa, ya fara bayani yana kallon ƙasa. Yana tsakiyar magana aka kira sallar La'asar a masallacin unguwa.

Mama ta ce, "Yi haƙuri, Malam." Ta tashi ta je inda ƙanwata ke tsince wake, ta taɓa kafaɗarta, ta ɗaga hannu biyu zuwa kunne. Yarinya ta ajiye faifai, ta ɗauki buta, ta yi alwala, ta yafa mayafi ta tayar da salla a inuwar ɗaki. Mu ko kallo ba mu yi ba, abin kullum ne.

Baffa ya bi yarinyar da kallo. Can ya ce, "Malama, wa ya koya mata?"

"Matar maƙwabcinmu na roƙa. Ni nawa ji ne kawai, tunda ita ba ta jin kiran. Amanar uwarta ce, Malam. Allah ya ba ni ita kyauta, ba zan gode masa da cin amana ba." Ta dubi ƙunshin kayan. "In kun tafi, don Allah a sa wani ya riƙa taɓa ta. Ba ta son ta makara."

Ya tashi ya tafi masallaci. Mama ta zauna kusa da ƙunshin kayan, ni kuma ina kuka a bakin murhu.

Da ya dawo bai zauna ba. Ya dubi ƙunshin ya ce, "A kwance kayan nan. Masu surutu ni zan ji da su." Sannan ya juya wajen yarinyar, wadda ke kallonsa kallon baƙo.

"Malama, da hannu yaya zan ce mata ni baffanta ne?"

Mama ta share ido da bakin zane. "Ba mu da wannan tukuna, Malam. Sai dai in za ka riƙa zuwa, mu yi maka."