Takardun shaidar da Baba ya rubuta

Mahaifina, Fanuel Makwinja, ya yi shekara ashirin da uku yana kapitawo, wato shugaban masu tsinkar ganye, a wata gonar shayi da ke gindin dutsen Mulanje. Iyakar karatunsa aji shida ne a makarantar mishan, amma a layin gidajen ma'aikata shi ne mai Turanci. Duk wanda zai bar aiki wurinsa yake zuwa a rubuta masa takardar shaida. Baba yakan wanke hannu ya rubuta a tsanake, washegari ya kai wa manaja. Shi kuwa manaja ba ya karantawa, sa hannu kawai yake yi ya buga hatimi yana magana da wani.

Idan malalaci ne, ranar shiga aiki da ranar fita kaɗai Baba yake sa masa. Wanda ya burge shi kuwa sai ya ƙara masa layi guda na yabo.

Shekara tara bayan ya yi ritaya muka je jana'izar wata gwaggona a Luchenza. Ana cikin rabon tuwon masara da wake Baba ya hango wani dogon mutum mai furfura, ya miƙe da murna.

"Dyson Likoswe! Kai ne? Ashe kana duniya?"

Mutumin ya dubi hannun da Baba ya miƙa masa, bai karɓa ba.

"Ina duniya, Kapitawo. Ba don ka so ba."

"Wace irin magana ce wannan?"

"Shekara goma sha ɗaya ina tsinkar maka ganye, ruwa da rana. Me na yi maka? Na ji za ka zo, shi ya sa na taho da ita."

Ya ciro wata tsohuwar takarda daga aljihu, duk ta tsage a wajen ninki. Baba ya sa tabarau, ya gane rubutunsa, ya karanta layin ƙarshe da ƙarfi: "He hardly worked." Ya ɗago kai yana murmushi.

"To ina laifin? Cewa na yi ka yi aiki tuƙuru. Tamanda, ke ce malamar makaranta, zo ki fassara wa wannan bawan Allah."

Na karɓa na karanta. Mutane sun daina cin abinci, ni suke kallo.

"Baba," na ce, "hard shi ne tuƙuru. Hardly kuwa ma'anarta da kyar. Abin da ka rubuta shi ne kusan bai taɓa yin aiki ba."

"Ƙarya kike yi!"

Tun da aka haife ni bai taɓa faɗa mini haka ba.

"Fadan makarantar mishan da kansa ya koya mana," ya ci gaba. "Quick, quickly. Slow, slowly. Ana ƙara wutsiyar ne don magana ta cika. Ke a ina kika yi naki karatun?"

"Haka ne a waɗancan, Baba. Wannan ɗaya ce ta bambanta."

Wani tsohon hedimasta da ke zaune kusa ya karɓi takardar, ya duba, ya mayar mini. "Yarinyar ta yi gaskiya," in ji shi.

Dyson ya ce wuri huɗu ya kai ta a Blantyre. Uku sun karanta sun ce babu gurbi. A na huɗu ne akawu ya ƙyalƙyale da dariya, ya kira abokinsa ya zo ya ga ragon da ke yawo da shaidar lalacinsa. Daga nan ya koma ƙauye yana noman ɗan abin da za a ci, 'ya'yansa biyu suka bar makaranta.

Baba ya nemi benci bai samu ba, ya zauna a ƙasa da rigarsa ta coci. Can ya ce, ba da kowa ba, "Waɗanda na fi so na rubuta wa." Sai ya fara kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, yana lanƙwasa yatsu. Har muka shiga motar komawa gida bai gama ba. Talatin da bakwai ya tuna.

Kwana uku bai ci abin kirki ba. A rana ta huɗu ya sa na rubuta sunayen, ya hura tayar kekensa.

Cikin shekara biyu ya gano sha tara. Shida daga cikinsu kabarinsu aka nuna masa. Wata mata mai suna Esnat ta yi dariya har da hawaye, ta ce ita ba ta taɓa nuna wa kowa takardar ba, aure ta yi. Wani kuma da takardar ya sami gadi a wani shago, don mai shagon ma yabo ya ɗauke ta. Ɗaya ya saurare shi har ƙarshe, ya tashi ya rufe ƙofa.

Dyson kuwa, Baba ya kai masa sabuwar takarda, bayan na duba ta sau biyu. Dyson ya jujjuya ta.

"Wa zai ɗauke ni aiki yanzu, tsoho da ni?"

"Ba kowa. Amma jikokinka su karanta."

Dyson ya adana ta, ya sa aka kawo wa Baba ruwa.

Yanzu Baba ya haura tamanin, gwiwa ta hana shi hawa keke. A watan jiya na samo lambar ɗan wani daga cikin sauran, a garin Milange, hayin iyakar ƙasarmu. Yaron ya ce mahaifinsa ya rasu tuntuni. Baba ya karɓi wayar ya tambaye shi ko marigayin ya taɓa yin zancen wata takarda.

"Wace takarda?" in ji yaron.

Baba ya yi masa ta'aziyya, ya miƙo mini wayar. Ya ce in bar sunan yadda yake a jerin da na rubuta, kada in soke.