Tafkin Griet

A gindin duwatsun Outeniqua, inda ake shiga da baƙi kwazazzabon kogi su yi iyo su dira daga duwatsu, babu wanda bai san Anti Griet Windvogel ba. Ba jagora ba ce. Ita ce mai wanke rigunan robar da ake shiga ruwa da su, ta shanya, ta rarraba. Amma ita ke yanke wa kowa hanyar da zai bi, kuma ba a ɗaukaka ƙara.

Hanyoyin biyu ne. Gajeriya ta yara ce da masu tumbi: a taka ruwa, a ɗauki hoto, a dawo cin abinci. Doguwa kuwa wuni guda ce, kuma da zarar ka dira daga dutsen farko babu komawa, sai dai gaba. Duk baƙon da aka tambaya ƙarfinsa sai ya bugi ƙirji ya ce kullum yana gudu da safe. Griet ta daɗe da daina tambaya. Riga mai danshi take miƙa maka, matsattsiya, ta ce saka a tsaye. In ka nemi benci, to, gajeriya ce taka.

"Baki yana ƙarya," in ji ta, "cinya ba ta yi."

Mijinta, Kawu Kallie, shi ne tsohon jagoran wurin, kuma shi ya raɗa wa tafkunan kogin suna tun yana saurayi. Akwai ɗaya can ƙarshen doguwar hanya da ake kira Tafkin Griet. Samarin jagorori sun ce saboda ƙara ne: ruwa na zubowa daga sama yana surutu dare da rana, ba ya barin kowa ya sa baki. In ta tambayi Kallie sai ya yi dariya kawai. Ita kuwa ba ta taɓa ganin tafkin ba. Ta iya iyo sarai, a madatsar ruwan gonar da ta tashi ta koya. Amma da fari goyo ne, daga baya aiki, sai gobe sai jibi har furfura ta fito. Abin yana ci mata rai, ko da yake ba ta faɗa.

Bana sai gwiwar Kallie ta ce ya isa. Ya sanar cewa da lokacin zafi ya wuce zai ajiye igiyar jagoranci. Griet ta aje kofin shayinta ta ce, "To, tafiyarka ta ƙarshe da ni za a yi."

'Yarsu Charmaine, wadda yanzu ita ce babbar jagora, ta zaro ido. "Mama, gajeriya dai ko?"

"Sunana a gajeriya yake?"

"To, doka doka ce. A tsaye za ki saka."

Wanzami ba ya son jarfa, amma Griet ta haɗiye. Ta rage cin vetkoek, soyayyen burodin nan mai maiƙo, ta riƙa hawa tudun coci tana haki, maƙwabta na leƙe. A bayan gida kuma, tsakanin rigunan da ta shanya, ta yi ta tsayuwa da ƙafa ɗaya kamar zalɓe.

Ranar kuwa rumfar saka riguna ta cika maƙil. Jagororin da ba su da aiki ma sun zo, har da matan ƙungiyar coci. Wani ya zaɓo riga mafi danshi ya miƙa mata da hannu biyu.

"Anti, ga benci nan, na share miki shi!"

"Share wa kakarka, ɗan nema!"

Ta zura ƙafar dama. Ta ɗaga ta hagu, ta yi tangal-tangal. Ta yi tsalle ɗaya, biyu, ta cije leɓe, ta ja robar da ƙarfin tsiya har ta haye cinya. Wuri ya kaure da ihu da tafi. Griet ta juya tana neman idon mijinta don ta yi masa gwalo.

Sai ta gan shi zaune a kan benci, yana lallaɓa rigar a kan gwiwarsa a hankali.

Ihun ya mutu. Kowa ya san dokar, kowa ya san mai ita. Kallie ya sunkuyar da kai. Griet ta tambayi kanta, me za ta je yi a tafkin in babu wanda ya raɗa masa suna? Ta dubi taron ɗaya bayan ɗaya.

"Me kuke kallo? Dokar ta masu ƙarya ce. Wannan tsohon tuni ya faɗi gaskiyar gwiwarsa. Charmaine, ke za ki riƙe igiya, shi ya nuna hanya. Tashi mu je, malam, rana na yi."

A bakin dutsen farko ta leƙa ƙasa. Ruwan ja ne wur kamar shayin rooibos, ba a ganin ƙasansa. Ta ja da baya taku ɗaya.

"Mama, har yanzu kina iya komawa," in ji Charmaine.

Griet ta toshe hanci ta dira. An ce har a kan titi an ji ihunta. Ta ɓullo tana tari tana dariya tana zagin sanyin ruwan, ta ce wallahi a sake! Haka suka wuni, iyo, rarrafe, saukowa da igiya. Inda dutse ke da santsi ta riƙe Kallie, inda ruwa ke da ƙarfi ya riƙe ta.

Da la'asar ta fara jin ƙarar tun ba su sha kwana ba. Gani ya kori ji: ruwa na zubowa yana rugugi, ba ka jin na kusa da kai. Samarin nan sun yi gaskiya ashe. Ta kama ƙugu ta juyo.

"Kallie! Wato haka nake?"

Ya jawo ta kan wani faffaɗan dutse. Sai a lokacin ta lura cewa a nan kwazazzabon ya buɗe, rana na sauka, dutsen da ɗumi, jikinta ya daina karkarwa. Ya kai baki kunnenta, don sai da ihu ake magana.

"Daga nan babu sauran tsalle! Kullum in na jiyo ƙarar nan daga nesa, na san na fito da kowa lafiya, na kusa gida!"

Griet ta buɗe baki ta rufe. Charmaine ta rantse cewa tunda aka haife ta, ranar ce ta fara ganin uwarta ta rasa abin cewa.