Ranar da Na Taka Bayan Likita

Ina tsaye a kan bayan baƙuwa, na dafa bango, sai uwar ɗakina ta shigo.

Ranar na fara aiki a masaukin baƙi na Argungu, lokacin muna cikin jihar Sokoto. An ce in yi wa wata likita tausa, ni kuwa na hau ina tattaka ta yadda nake wa kakata.

"Ke ɗiyar ga, sauko. Yau za ki koma garinku Zauro."

Likita ko ɗagowa ba ta yi ba. "Bar ta, Hajiya. Tun da ɗiyata ta yi aure ba wanda ya taka min baya. Gobe ma ita nake so."

Ashe manya ma suna kewar gida. Ku wa kuka taɓa taka wa baya?